Farautar ɓoyayyiyar na'urar rediyo da mota a Yamai: amsa ga mai tambaya

Assalamu alaikum, ƙanena. Na karanta tambayarka, inda ka ce kai mai gyaran wayoyi da rediyo ne a nan Yamai, kuma ka ga bidiyon wasu masu sha'awar rediyo a ƙasashen waje da suka kafa eriya a kan motocinsu suna neman wata 'yar na'urar watsa sigina da aka ɓoye musu. Kana son sanin ko abin zai yiwu a garinmu, da irin kayan da ake buƙata, da kuma ko dole ne sai ka sayi na'urar nan mai eriya huɗu da ake ɗorawa a rufin mota. Na shafe shekaru ina aikin kafa rediyon sadarwa a motoci da ofisoshi da kuma gyara su, kuma gano inda sigina ke fitowa yana cikin abubuwan da aikin ya tilasta mini koya, saboda haka zan amsa maka da abin da na sani da abin da na gani da idona.

Abin zai yiwu, kuma ba sai ka kashe kuɗi mai yawa ba. Sai dai ina so tun daga farko ka cire wa ranka cewa mota ce ko na'ura mai tsada ke kamo abin da aka ɓoye. Abin da ke kamo shi shi ne layin da ka ja a kan taswira daga wurin da ya dace, da haƙurin da zai hana ka bin sigina a guje duk inda ka ji ta fi ƙarfi, domin a gari irin namu, mai rufin kwano da kogi da tuddai, inda sigina ta fi ƙarfi sau da yawa ba daga nan ta taso ba.

Turawa suna kiran wannan wasa farautar yanyawa, kuma sunan ya dace da mu, tun da kowa ya san yadda yanyawa ke shigewa rami ta bar mafarauci yana zagaye a bakinsa. Ni ma da wannan suna zan riƙa kiran na'urar da ake ɓoyewa. Wasan iri biyu ne. Akwai wanda ake yi da ƙafa a cikin daji, da taswira da kamfas, wanda ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta duniya, IARU, take kula da ƙa'idojinsa: ana ɓoye na'urori 5, kowace tana magana minti 1 bi da bi da harafin Mos, wato gajeru da dogayen ƙararraki da ke wakiltar haruffa, kuma an yi gasarsa ta duniya ta farko a ƙasar Folan a 1980. Wanda ka tambaya shi ne na mota, wanda ya fi ƙarfi a Amurka, musamman kudancin Kalifoniya, kuma shi ba shi da doka guda, kowace ƙungiya tana tsara tata.

Kafin mu taɓa waya ko dalma, akwai maganar da ta fi duk sauran nauyi a wurina. Mai farauta sauraro kawai yake yi, amma yanyawar watsa sigina take yi, kuma watsawa a zangon masu rediyon sha'awa sai da lasisi da lambar kira. A Nijar hukumar ARCEP ce ke kula da rabon zangunan rediyo, kuma lambobin kiran ƙasarmu suna farawa da 5U. Dole wanda zai kunna yanyawar ya zama mai lasisi, kuma na'urar ta riƙa faɗin lambarsa a kai a kai. Bayan wannan akwai halin tsaro da muke ciki, wanda bai kamata mu yi kamar ba mu san shi ba. Mutum uku a cikin mota, da eriya mai tsawon mita guda tana leƙowa ta taga, da taswira a cinya, abu ne da duk jami'in tsaron da ya san aikinsa zai tsayar, kuma yana da gaskiya. Ku rubuta takarda ku kai ofishin 'yan sanda na yankin da za ku yi wasan, da rana da lokaci da lambobin motocin, ku sanar da mai unguwa, kuma kowace mota ta riƙe kwafin takardar da na lasisin. Ku yi nesa da barikokin soja, da fadar shugaban ƙasa, da ofisoshin jakadanci, da filin jirgin sama na Diori Hamani, kada kuma wani ya tsaya a kan gada don ɗaukar saiti, wato auna alƙiblar da sigina ke fitowa, ko da kuwa wurin ya yi masa kyau. Haka nan ku tsaya a cikin gari, kada wasan ya kai ku bayan shingayen bincike na hanyar Tilaberi ko Torodi ko Filinge. Akwati mai batir da waya da aka ɓoye a gindin itace ba tare da mai tsaronsa ba yana iya tayar da hankalin unguwa baki ɗaya, don haka yanyawa ba ta zama ita kaɗai, mai ita yana nan kusa yana ganinta.

Zangon da aka fi yin wannan farauta a kansa shi ne na mita 2, wanda a yankinmu na Afirka da Turai ya kama daga megahaz 144 zuwa 146. An kira shi haka ne saboda tsawon igiyar sigina guda a megahaz 145 ya ɗan ɗara mita 2, kuma wannan tsawo shi ke yanke girman eriyar da za ka riƙe. Ka lura cewa zangon da jiragen sama ke magana da hasumiya, daga 118 zuwa 137, yana ƙasa da namu kaɗan, kuma yawancin ƙananan rediyon hannu da ake sayarwa, waɗanda ake kira oba-oba, suna iya watsawa a wuraren da ba namu ba, saboda haka a duba lambar da ke fuskar na'ura sau biyu kafin a kunna. Sigina a wannan zango tana tafiya kusan kamar haske, a miƙe, tudu yana tare ta, ƙarfe kuma yana maido ta. Akwai lissafi mai sauƙi na sanin iyakar tafiyarta a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa: ka nemi tushen murabba'in tsayin eriya a mita, ka ninka da 4, sai ya ba ka kilomita. Eriyar da ke mita 2 daga ƙasa tana hango kusan kilomita 6, wadda ke mita 25 kuwa tana kai kilomita 20. Wannan ya sa hawa tudu ɗan kaɗan ya fi sayen rediyo mai tsada amfani.

Eriyar da nake so ka fara da ita ita ce Yagi mai sanda 3, wadda wasu malaman jami'ar Tohoku ta Japan, Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi, suka fito da ita a 1926. Ka san ta, domin 'yar'uwarta ce ke kan rufin gidaje tun zamanin talabijin na eriya. Zagaye guda a kasuwar Katako ya ishe ka haɗa kayanta: awon ƙarfe irin na magina mai faɗin kusan santimita 2 da rabi, da bututun roba na famfo da mahaɗansa, da maɗauran ƙarfe na tiyo, da wayar eriya mai raga ta om 50. Sandar baya, wadda ke maido da sigina gaba, ana yanka ta kimanin santimita 105. Ta tsakiya, inda waya ke shiga, gida biyu ce, kowane kimanin santimita 45, da 'yar tazara a tsakaninsu. Ta gaba kimanin santimita 89. Tsakanin ta baya da ta tsakiya ka bar santimita 20, tsakanin ta tsakiya da ta gaba kuma 32, sannan ka haɗa ɓangarori biyu na tsakiyar da 'yar lanƙwasasshiyar waya mai siffar ƙugiya don daidaita ta da wayar eriya. Dalilin zaɓar awon magina shi ne yana lanƙwashewa idan ka cusa shi a mota ko ya bugi reshen dogonyaro, ya kuma koma yadda yake. Abu biyu nake jan kunnen kowa a kansu. Fentin da ke jikin awon ba ya karɓar dalma, sai ka kankare shi da sanfefa har ƙarfen ya yi fari, ka shafa dalmar tun kafin ka ɗaura shi a bututu, in ba haka ba zafi ya narkar da robar. Na biyu, bakin da ka yanka kaifi gare shi kamar aska, ka naɗe shi da salatif, domin a cikin mota eriyar tana wucewa ne daidai idon abokinka.

Yadda ake ɗaukar saiti shi ne ainihin sana'ar. Ka fito daga mota, ka yi nesa da ita kamar taku 10, ka guji gindin wayoyin lantarki da katangar kwano da kwantena. Ka riƙe eriyar sandunanta a tsaye idan eriyar yanyawar a tsaye take, domin in ɗaya na tsaye ɗaya na kwance, siginar da ta zo kai tsaye tana raguwa ƙwarai, har wadda ta yi karo da gini ta dawo ta fi ta ƙarfi. Sannan ka juya a hankali har ka zagayo inda ka fara, kada ka tsaya a wuri na farko da ka ji ƙarfi. Bakin Yagi mai sanda 3 yana da faɗi, ya kai digiri 60, saboda haka neman tsakiyarsa da kunne kawai yaudara ce. Abin da ake yi shi ne ka karkata dama har siginar ta faɗi zuwa wani mataki, ka lura da wurin, ka karkata hagu har ta faɗi zuwa wannan matakin, sai ka raba tsakaninsu biyu. Idan siginar mai rauni ce, ka buɗe makullin da ke kashe shuu ɗin rediyo, ka bi inda shuu ɗin ya fi raguwa. Daga nan ka ɗauki kamfas, nesa da ƙarfen mota da lasifikar rediyo mai maganaɗisu, ka karanta digirin, ka ja layi a taswira daga inda kake tsaye. Bambancin arewar kamfas da arewar taswira kaɗan ne a yankinmu, kuskuren hannunka ya fi shi girma.

Layi guda yana gaya maka alƙibla ne kawai, ba ya gaya maka nisa. A nan ne sabon shiga ke yin kuskuren da kusan kowa ya taɓa yi, ya shiga mota ya bi layin a miƙe. Ka yi wannan lissafi da kanka: kuskuren digiri 5, wanda ƙwararre ma yana yin sa, idan yanyawar tana nisan kilomita 10, ya kauce da kai kusan mita 870, wato unguwa guda. A nisan kilomita 2 kuwa wannan kuskuren bai wuce mita 175 ba. Kuma idan ka ɗauki saiti na biyu a kan layin na farko, ko kusa da shi, layukan biyu za su haɗu ne a kwance, su ba ka dogon siririn yanki da ba shi da amfani. Don haka bayan saitin farko tafiya gefe ake yi, a nemi wani tudu daga inda sabon layi zai yanki na farko kusan a gicciye. Layi na uku shi ne shaida. Da wuya ukun su haɗu a ɗigo guda, za su bar ɗan fili mai kusurwa uku, kuma girman wannan fili shi ke gaya maka yadda za ka yarda da aikinka. Idan ya fito ƙato, ɗaya daga cikin saitin ƙarya ne, kuma yawanci wanda ka ɗauka a kwari ne ko a tsakanin gine-gine.

Ƙaryar kuwa daga amsa-kuwwa take fitowa. Kamar yadda ka yi kira a gaban dutse muryarka ta dawo maka ta wani ɓangare, haka sigina ke bugun rufin kwano, da sito, da manyan tankunan ruwa da muke kira shato, da turakun ƙarfe na kamfanonin waya, da fuskar tudu, ta iso maka ta inda ba nan ne asalinta ba. Yamai tana da siffar da ke ƙara wannan. Kogin Isa, wato Kwara, ya ratsa ta daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas, daga wajen Gudel da Yantala ya gangara Gamkale da Saga, babban ɓangaren gari yana zaune a kan tudu, kwarin Guntu Yena ya tsaga shi, a ƙetare kuma Harobanda tana ƙasa, da duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai a bayanta. Kan ruwa fili ne da babu abin da ke tare sigina, saboda haka tana bin tsawon kogi ta yi nisa fiye da yadda za ta yi a cikin unguwa.

Na koyi wannan darasi ne a bakin aiki. Wata safiya tashar sadarwar wata ma'aikata da nake kula da rediyonta ta toshe gaba ɗaya, kowa ya kunna sai ya ji ƙarar guduma da hirar wasu mutane da ba su san ana jin su ba. Mun gane cewa makirfon wata mota ne ya maƙale a danne, amma motocin suna warwatse a gari. Na ɗauki saiti daga bakin tudu, eriya ta nuna ƙetaren kogi ƙarara, ni kuma ban tsaya neman layi na biyu ba, na ce wa direba mu haye gadar Kennedy. Muna isa Harobanda na sake juya eriya, sai ta nuna mini inda muka baro. Mun ɓata fiye da awa guda da man fetur kafin na natsu na shimfiɗa taswira a kan bonet, na ɗauki saiti daga wurare biyu masu nisa da juna a ƙetaren, inda babu abin da ya shiga tsakanina da gari. Layukan suka haɗu a gangaren kwari, ba ko kilomita 2 ba daga inda na tsaya da farko. Motar tana cikin wani gareji a ƙasan gangaren, bakin tudun ya tare siginar da za ta zo mini kai tsaye, abin da na ji da safe kuwa wadda ta bugi tuddan ƙetare ce ta dawo. Da muka buɗe ƙofar, makirfon yana cushe tsakanin kujera da birkin hannu, bayan rediyon kuma ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Tun daga ranar ba na kafa rediyo a mota sai na saita masa agogon da ke yanke watsawa idan ta yi tsawo, kuma ba na hawa mota a kan layi guda.

Akwai alamun da ke tona asirin amsa-kuwwa. Siginar gaskiya tana tsayawa a alƙibla guda idan ka matsa taku 20 ka sake aunawa, ta ƙarya kuwa tana tsalle. Ta gaskiya tana da baki guda mai tsabta, ta ƙarya takan zo da baki biyu ko uku masu kusan ƙarfi ɗaya. Kuma idan ka kwantar da eriya ka ji ƙarfin bai ragu sosai ba, ka yi zargin cewa siginar ta yi karo da wani abu a hanya.

A cikin mota mutum uku ake so: direba, da mai eriya, da mai taswira. Direba tuƙi kaɗai ne aikinsa, ba ya kallon rediyo, domin titunanmu cike suke da 'yan kabu-kabu da amalanken jaki da yara. Wasu suna fitar da sanda ta tagar fasinja su ɗaura Yagi a samanta, su sa kibiya a ƙasa don mai eriya ya juya ta ana tafiya. Ban so ka fara da wannan ba, saboda wayoyin lantarki da ke rataye ƙasa-ƙasa a lunguna da rassan itatuwa, ga shi kuma ya fi jan ido. Ka sa 'yar eriyar sanda mai gindin maganaɗisu a rufi don jin ƙarfin sigina ana tafiya, ka tsaya ka fito duk lokacin da za ka ɗauki saiti. Taswirar waya tana da amfani, amma ka buga ta takarda ma, domin jan layi da fensir da rula yana nuna wa mutum uku abu guda a lokaci guda.

Yanzu ga na'urar da ka tambaya. Ana kiranta da sunan Kiristiyan Dofla, masanin ƙasar Ostiriya da ya bayyana a 1842 dalilin da ke sa sautin abin da ke tunkaro ka ya yi sama, na wanda ke nisantarka ya yi ƙasa, kamar yadda kake ji a odar mota idan ta wuce ka. Da a ce za ka juya eriya guda a da'ira da gudun gaske, saurin kaɗawar sigina zai riƙa ɗan hawa idan eriyar na tunkarar yanyawa, ya sauka idan tana barinta. Tun da ƙarfe ba zai juyu haka ba, sai aka jera sanduna 4, kowace kusan rabin mita, ana sauya su da lantarki ɗaya bayan ɗaya sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Rediyon FM yana jin wannan a matsayin wani sauti, na'urar kuma tana auna lokacin da sautin ya hau don ta kunna fitila a da'ira, ta nuna alƙibla dangane da hancin mota. Amfaninta shi ne tana kama sigina ko ta daƙiƙa guda ce, kuma tana aiki ana tafiya. Amma ba ta jin sigina mai rauni kamar Yagi, tana wahala da wadda aka watsa a kwance, dole a daidaita ta da wata tasha da aka san wurinta kafin a tashi, kuma ita ma amsa-kuwwa tana ruɗa ta: a tsakiyar Babbar Kasuwa za ka ga fitilar tana rawa ko'ina, sai wanda ya saba ne ke gane inda ta fi yawan komawa. Akwai kuma sababbi irin KrakenSDR, mai kunnuwa 5, da ke zana layukan a taswirar waya da kanta. Ra'ayina shi ne wanda bai iya karanta amsa-kuwwa da Yagi ba, waɗannan na'urori za su kai shi wurin da ba daidai ba ne cikin sauri kawai. Ka bar su sai ka yi farauta 10 da hannunka.

Wahala ta biyu tana zuwa ne idan ka kusa. A sarari, duk lokacin da ka rage nisa da rabi ƙarfin sigina yana ƙaruwa da desibel 6, wato ya ninka sau 4, kusa da ƙasa kuma yakan kai 12, saboda haka a cikin kilomita na ƙarshe ma'aunin rediyonka zai cika, ko'ina ka juya ka ji daidai. Maganinsa shi ne rage wa rediyon ji. Akwatin rage ƙarfi mai makullai, wanda ake haɗawa da rezisto, yana aiki har zuwa wani mataki, daga nan sigina takan shiga ta jikin robar rediyon ta tsallake akwatin. Abin da ya fi shi shi ne ɗan maragin da kai mai gyara za ka iya haɗawa a yini guda: kiristal mai kaɗawa a megahaz 4, da diyod guda da ke gauraya shi da siginar, da maɓallin murɗawa. Idan yanyawar tana 145, sai ka kai rediyonka 149 ko 141, inda babu abin da zai shiga sai wanda ya bi ta maragin, kana murɗawa kana rage shi yadda kake so. Kada dai ka danna maɓallin magana yana haɗe, domin diyod ɗin zai ƙone nan take. Idan ba ka da shi, ka kauce wa zangon da kilohaz 5 ko 10, ko ka saurari ninki na uku, wato 435 ga mai watsawa a 145, wanda ba a jin sa sai an matso sosai. A mita 50 na ƙarshe ka cire eriyar, ka manna rediyon a ƙirjinka, ka juya a hankali: inda siginar ta fi mutuwa, yanyawar tana bayanka, domin jikinka ne ya tare ta. Ka kuma sani cewa ƙananan rediyo masu araha sukan kurumce kusa da turakun gidajen rediyon FM, waɗanda ke watsawa da ƙarfi tsakanin 87.5 da 108, don haka kada ka ɗauki saiti a gindinsu.

Game da tsarin wasan, shawarar da na fi riƙewa ita ce kada ku ba da nasara ga wanda ya riga isa. Ku rubuta lambar kilomita ta kowace mota a wurin tashi, wanda ya samu yanyawa da mafi ƙarancin tafiya shi ya ci. Masu wannan wasa a Amurka sun daɗe suna amfani da wannan hanya, kuma ta fi dacewa da mu, tun da tana hana gudu, tana rage shan mai, tana kuma tilasta wa mutum ya tsaya ya yi tunani a kan taswira. Mai ɓoyewa ya tabbatar ana jin siginar daga wurin tashi, kada ya canja ƙarfi ko ya motsa eriya bayan an fara, kada ya shiga gidan mutane ko makabarta ko harabar masallaci. Wat 1 ya isa a cikin gari. Ya sa ta yi magana daƙiƙa 30 ta huta minti 1, kuma ta zauna a inuwa, domin a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, rediyon hannu da aka rufe a akwati yana watsawa ba hutu zai lalace, batirinsa ma yana iya kumbura. Da damina kuwa ba a ɗaga sandar ƙarfe sama idan hadari ya haɗo. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a fara da hantsi a gama kafin azahar.

Farautarku ta farko ku yi ta ba tare da ɓoye komai ba. Mai lasisi ya zauna a wurin da kowa ya sani, kamar kilomita 3 daga gare ku, ku kuma ku zaga wurare 5 ko 6, tudu da kwari da bakin kogi da cikin kasuwa, kuna ɗaukar saiti kuna rubuta digirin da kuka samu kusa da digirin da taswira ta ce shi ne daidai. A yini guda za ku san wuraren da ke faɗin gaskiya a unguwarku da waɗanda ke ƙarya, ku kuma san ko eriyarku tana da karkata zuwa wani gefe. Idan ka gama haɗa taka, ka kawo mini ita mu gwada ta a kan ma'auni kafin ka fita da ita. Allah ya ba da sa'a.